Tulin Duwatsun Da Aka Ƙi Kammalawa: Abin Da Na Gani A Wata Majami'a A Kanada

A lokacin da nake zaman bincike a birnin Winnipeg na lardin Manitoba a ƙasar Kanada, wani abokin aikina ya gayyace ni walimar da ikilisiyarsu kan yi bayan sujadar ranar Lahadi. Na amsa ne don kara, ban yi tsammanin zan dawo da wani abin rubutawa ba. Majami'ar tsohon gini ce na jan bulo, kujerunta sun fi masu zama a kansu yawa, kuma furfura ta rinjayi baƙin gashi. Kafin a buɗe taro da addu'a, sai wata dattijuwa ta miƙe ta karanta wata 'yar takarda. Ta bayyana cewa ginin yana tsaye ne a kan ƙasar al'ummomin Anishinaabe da Cree da Dakota, kuma mahaifar al'ummar Métis, ƙasar da Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1871 ta shafa. Ta ƙara da cewa ruwan da za mu sha daga tafkin Shoal Lake ya fito. Abokina ya raɗa mini cewa haka suke yi kowane mako.

Me zai sa jama'a su riƙa tuna wa kansu duk mako cewa sun tarar da masu gida a inda suke? Amsar tana cikin wani tarihi mai ɗaci. Sama da shekara 100 gwamnatin Kanada ta yi tana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, tana kai su makarantun kwana da ta damƙa wa majami'u: Katolika, wadda ta riƙe mafi yawansu, da Angilikan, da Firesbiteriyan, da Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Kanada, wadda majami'ar abokina take ƙarƙashinta. Kimanin yara 150,000 ne suka ratsa waɗannan makarantu. A 1920 aka gyara doka, karatun ya zama tilas ga yaran da ke tsakanin shekara 7 zuwa 15. Akan aske musu gashi, a canja musu suna, a hukunta wanda ya yi magana da harshen uwarsa. Yunwa da tarin fuka da duka da lalata da yara sun yi ɓarna, kuma yaran da aka tabbatar sun mutu a can sun haura 4,000. Sai a cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe daga cikin makarantun. Ke nan da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu ma na zaune a teburin da muka ci abinci.

Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Kanada, wadda aka kafa a 1925, tana da hannu a makarantu 15. A 1985 wata mata 'yar asalin ƙasar mai suna Alberta Billy ta tsaya gaban shugabannin ikilisiyar ta ce lokaci ya yi da za su nemi gafarar mutanenta. A 1986, a babban taron da aka yi a garin Sudbury, shugaban ikilisiyar na lokacin, Robert Smith, ya nemi gafarar. Ya amsa cewa sun cakuɗa al'adun Turawa da bishara, sun kuma yi ƙoƙarin mayar da wasu mutane su zama kamarsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Dattawan ba su ce sun yafe ba. Shekara biyu suka ɗauka suna shawara a tsakaninsu. A 1988 wakiliyarsu, Edith Memnook, ta kawo amsa: sun ji neman gafarar, sun shaida an yi shi, kuma suna fatan zai zama magana mai aiki a bayanta. Ba ta furta cewa sun karɓa ba. A wurin da aka nemi gafarar a Sudbury an tara tulin duwatsu don tunawa, aka kuma bar shi ba a kammala ba da gangan, domin aikin bai ƙare ba. Sai a 1998 ma ikilisiyar ta sake fitowa ta nemi gafara kan makarantun kwanan musamman.

Mu da muka taso muna ganin yadda ake sulhu a zauren unguwa mun san inda nauyi ya saba faɗawa. Da zarar mai laifi ya durƙusa, idanu sukan koma kan wanda aka zalunta: a yi haƙuri, a bar wa Allah, komai ya wuce. In ya yi jinkiri sai a ce zuciyarsa ta cika tauri. Dattawan nan sun ƙi yarda a ɗora musu wannan kaya, kuma ikilisiyar ta koyi zama da amsar da ba ta yi mata daɗi ba. A ganina daga nan sulhun ya soma. Wanda aka cuta shi ke da ikon cewa rauni ya warke, ba wanda ya riƙe wuƙar ba.

To, yaya wannan yake a rayuwar ƙaramar ikilisiya ta yau da kullum? Na koma sau da dama don in gane wa idona. A ɗakin ƙasa na ginin suna dafa abinci ga duk wanda ya shigo, ba a tambayar addininsa ko dalilin zuwansa. Winnipeg ita ce birnin da ya fi kowane yawan 'yan asalin ƙasar a Kanada, kuma talauci ya fi yi musu katutu. Wani dattijon ikilisiyar ya shaida mini cewa shekaru da dama tsarin ɗaya ne: fararen fata a bayan tebur riƙe da ludayi, 'yan asalin ƙasa a layi riƙe da kwano. Ba wanda ya ga aibin hakan, tunda alheri ake yi. Da aka fara sauraron mutanen layin, sai aka gane cewa hannun da ke bayarwa kullum yana sama, kuma wannan shi ne ainihin tunanin da ya gina makarantun kwanan. Sai aka sauya. Aka jera tebura kowa ya zauna tare, aka ba wasu daga cikin masu zuwa kujeru a kwamitin da ke tsara abincin da kashe kuɗinsa. Gurasar da suke kira bannock ta shigo cikin girkin.

Ba a cimma hakan cikin ruwan sanyi ba. Lokacin da aka nemi a riƙa barin dattawan 'yan asalin ƙasar su ƙona turaren ganyayen da suke tsarkake wuri da shi a cikin ginin, wasu tsofaffin mambobi sun ga an shigo da baƙon abu ɗakin ibada, har aka samu waɗanda suka daina zuwa. Waɗanda suka rage sun zauna karatun rahoton Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda Mai Shari'a Murray Sinclair ya jagoranta. Hukumar ta saurari shaidu sama da 6,000, ta kira abin da aka yi kisan kiyashi ga al'ada, ta kuma fitar da shawarwari 94 a 2015. Ta 59 daga ciki ta buƙaci majami'u su ilmantar da mabiyansu kan rawar da suka taka a mulkin mallaka. Ta 58 ta nemi Paparoma ya zo Kanada ya nemi gafara, abin da Paparoma Francis ya yi a Maskwacis a watan Yulin 2022.

Batun ruwan nan da dattijuwar ta ambata shi ya nuna mini cewa maganar tana iya wuce baki. Tun 1919 Winnipeg ke shan ruwan Shoal Lake ta wani bututu mai tsawon fiye da kilomita 100. Aikin janyo ruwan ya datse al'ummar Shoal Lake 40 daga tudu, ya mayar da garinsu tsibiri, sai dai su haye da jirgin fito da bazara, ko su taka ƙanƙara da hunturu. Daga 1997 kuma aka umarce su da su riƙa tafasa ruwansu kafin su sha. Masu ruwa na fama da ƙishi, birni na shan mai tsabta. A 2015 majami'un Winnipeg da dama suka haɗa kai, suka kafa alluna a ƙofofinsu suna mara wa al'ummar baya kan a gina musu hanya. Mutanen garin ne suka jagoranci gwagwarmayar, majami'u suka bi bayansu. An buɗe hanyar mai tsawon kilomita 24 a 2019, aka kuma janye umarnin tafasa ruwa a 2021, bayan shekara 24.

Kada mai karatu ya ɗauka an kai gaci. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da rabin yaran da ke hannun hukumomin reno a Kanada 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ne, alhali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran ƙasar ba. Ana ci gaba da raba yara da iyayensu, salon ne ya canja. Wasu 'yan asalin ƙasar suna ganin karanta takardar amincewa da masu ƙasa ya zama al'adar baki kawai, tunda ba a mayar da ko taki ɗaya ba. Wasu kuma sun yi sallama da majami'a har abada, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Duk da haka akwai abin nunawa: ikilisiyar da ta taɓa hana yara harshensu ta zaɓi Stan McKay, ɗan al'ummar Cree, ya shugabance ta a 1992, sannan a 2022 ta zaɓi Carmen Lansdowne, mace ta farko 'yar asalin ƙasar da ta hau wannan kujera.

Maganar ta shafi baƙi ma, har da ɗalibanmu da ke tururuwa zuwa can. Tun 2021 rantsuwar zama ɗan ƙasar Kanada ta ƙunshi amincewa da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasar da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. Duk wanda ya sauka ya tarar da bashin, ko da ba kakansa ne ya ci ba.

Ranar da na je sallama, na zauna kusa da wata tsohuwa da aka gaya mini ta yi makarantar kwana tana yarinya. Ita ke rarraba gurasa, wani farin dattijo kuma yana biye da ita da butar shayi yana jiran umarninta. Ban tambaye ta ko ta yafe ba, domin ba hurumina ba ne, kuma na lura ba wanda ke tambayarta. Suna dai zuwa kowane mako, suna zama tebur ɗaya, kowa na ɗora dutsensa a kan tulin.