Boulogne-Billancourt: garin bakin kogi da gumin ma'aikata ya gina

Kogin Seine idan ya ratsa birnin Paris ya fito ta kudu maso yamma, sai ya yi wata doguwar lanƙwasa ya juya ya nufi arewa. A cikin wannan lanƙwasa garin Boulogne-Billancourt yake zaune. Ruwa ya kewaye shi ta kudu da yamma, dajin Boulogne ya tare shi ta arewa, Paris kuma ta rungume shi ta gabas. Mazaunansa a yau sun kai kimanin 120,000, kuma yana cikin garuruwan kewayen Paris da suka fi yawan jama'a da arziki. Baƙon da ya zaga titunansa zai ga ofisoshin manyan kamfanoni, da hedikwatar tashar talabijin ta TF1, da benaye masu tsadar haya. Da wuya ya gane cewa shekaru arba'in da suka wuce, dubban ma'aikata ne ke yin sammako su yi cincirindo a ƙofofin wata masana'anta da ta mamaye kudancin garin. Tarihin wurin nan tarihin masu aikin hannu ne, kuma tambayar da yake jefo mana ita ce: me gari ke yi da waɗanda suka gina shi bayan aikinsu ya ƙare?

Daga ƙauyen masu ziyara zuwa garin masu wanki

Asalin garin wani ɗan ƙauye ne a gefen daji da ake kira Les Menus. A 1308 Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya je Boulogne-sur-Mer, can bakin teku ta arewa, don ɗaurin auren 'yarsa Isabelle da Sarkin Ingila Edward na Biyu. A garin akwai majami'ar da Kiristoci ke niƙar gari su je ziyara saboda Nana Maryamu. Tafiyar na da nisa da wahala ga mutanen Paris, don haka sarkin ya ƙudurta a gina irinta kusa da gida. Bai ga cikar burinsa ba, domin ya mutu a 1314. A zamanin ɗansa Filib na Biyar aka aza harsashi, aka kammala ginin wajen 1330. Masu ziyara suka yi ta zuwa, har sunan majami'ar ya rinjayi na ƙauyen, wurin ya zama Boulogne. Majami'ar na nan tsaye har gobe.

Abin da ya ciyar da garin ƙarnuka da dama shi ne wanki. Hanyoyin da ke zuwa fadojin sarauta na Saint-Cloud da Versailles ta nan suke bi su haye kogi, ga ruwa a wadace, ga fili na shanya. Tun daga ƙarni na 17 masu hannu da shuni na Paris suka riƙa aiko da tufafinsu da zannuwan gadonsu Boulogne. Zuwa ƙarni na 19 gidajen wanki da guga sun kai ɗaruruwa, kuma mata ne mafi yawan masu aikin. Sukan wuni a tsaye cikin ruwa da tururi, rani da hunturu, su wanke kayan da ba za su taɓa iya saye ba. A tsakiyar kogin kuma akwai wani tsibiri mai kimanin hekta 11 da rabi, inda wani masanin haɗa sinadarai mai suna Armand Seguin ya kafa majema a zamanin juyin juya halin Faransa, yana jeme fatu cikin sauri don takalman sojoji. Sunansa ne tsibirin ke ɗauke da shi.

A 1860 Paris ta faɗaɗa iyakarta ta haɗiye ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita. Garin Auteuil ya shiga cikin birnin, amma wani yankinsa na gonaki da ke bayan ganuwar birnin, wato Billancourt, aka haɗa shi da Boulogne. Sai a 1926 aka haɗa sunayen biyu a hukumance. Wannan fili da aka ɗauka saura ne shi ya zo ya sauya ƙaddarar garin baki ɗaya.

Saurayin da ya ƙera mota a bayan gida

Iyayen Louis Renault 'yan kasuwa ne masu rufin asiri, suna da gidan hutu a Billancourt. A wata rumfa ta bayan gidan ne ɗan nasu, yana da shekara 21, ya harhaɗa ƙaramar mota a 1898. A jajibirin Kirsimeti na wannan shekara ya hau da ita wani titi mai tudu a unguwar Montmartre, abokai suka gani da idonsu, a daren ya samu masu son saye goma sha biyu. A 1899 shi da 'yan uwansa Marcel da Fernand suka kafa kamfani. Cikin 'yan shekaru tasi-tasin Renault suka cika Paris, kamfanin kuma ya shiga sayen filayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne: 'yan uwan Voisin da na Farman sun kafa wuraren ƙera jiragen sama a Billancourt, daga baya kuma dakunan ɗaukar finafinai suka biyo.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗaga kamfanin sama. A Satumbar 1914, da sojojin Jamus suka doso Paris, tasi-tasin birnin, akasarinsu ƙirar Renault, aka tattara suka kai dubban sojoji fagen daga a kogin Marne. Masana'antar ta koma ƙera harsasai da injunan jiragen sama da ƙaramar tankar yaƙi ta FT. Da maza suka tafi yaƙi, mata suka tsaya a kan injuna.

Bayan yaƙin Renault ya sayi tsibirin Seguin. Ambaliyar Janairun 1910 ta riga ta nuna abin da kogin zai iya, don haka aka cike ƙasar tsibirin aka ɗaga ta da mitoci, sannan daga 1929 aka soma aiki a wata masana'anta mai hawa-hawa wadda a ƙarshe ta rufe tsibirin kusan daga wannan baki zuwa wancan. Tana da tashar wutarta, da gadojinta, da jiragen ruwan dako da ke kwashe sababbin motoci. An tsara aikin a kan layi irin na Ford a Amurka, inda gangar mota ke tafiya a kan bel, kowane ma'aikaci na maimaita abu ɗaya daga safe zuwa yamma. Ma'aikatan Billancourt sun haura 30,000 a shekarun 1930.

A daidai wannan lokaci garin ya samu magajin gari mai hangen nesa, André Morizet, wanda ya riƙe shi daga 1919 zuwa 1942. Shi ya sa aka gina sabon ofishin gari a tsakiya, tsakanin Boulogne ta masu kuɗi da Billancourt ta ma'aikata, bisa zanen Tony Garnier, aka buɗe a 1934. A wannan shekara jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya fita wajen birnin karo na farko, ya iso gadar Sèvres. A bakin kogin ta arewa kuma wani mai banki, Albert Kahn, ya shuka lambuna irin na ƙasashe daban-daban, ya aika masu ɗaukar hoto sassan duniya daga 1909 zuwa 1931, suka tara hotuna masu launi kusan 72,000. Gidansa yanzu gidan tarihi ne.

Sansanin ma'aikata

Duk inda aka tara dubban mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya suna shan wahala iri ɗaya, bakinsu zai zo ɗaya. Tun 1913 ma'aikatan Renault suka yi yajin aiki kan masu tsayawa a kansu da agogo suna ƙirga daƙiƙoƙin kowane motsi. A Mayun 1936 suka zauna daram cikin masana'antar suka ƙi fita, yajin ya bazu ƙasar, aka ƙare da dokar aikin sa'a 40 a mako da hutun mako biyu da albashi a kowace shekara. Wannan ne karo na farko da talakan ma'aikacin Faransa ya san hutun shekara a matsayin haƙƙinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo wa garin da baƙin ciki. Jamus ta mamaye Faransa a 1940, masana'antar ta koma yi wa sojojinta manyan motoci. A daren 3 ga Maris 1942 jiragen Birtaniya fiye da 200 suka yi mata ruwan bama-bamai, ranar 4 ga Afrilu 1943 kuma na Amurka suka maimaita. Kowane hari ya kashe ɗaruruwan fararen hula, da yawansu talakawan da ke kwana a gindin masana'antar. Bayan 'yantar da Paris aka kama Louis Renault bisa zargin haɗa kai da abokan gaba, ya mutu a tsare a Oktoban 1944 ba a kai ga yi masa shari'a ba. A Janairun 1945 gwamnatin Janar de Gaulle ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa.

Daga nan Billancourt ta zama ma'aunin zaman lafiyar ma'aikata a Faransa, har ake cewa in Renault ya yi atishawa, ƙasar ce ke kamuwa da mura. Yajin aikin Afrilun 1947 ya taimaka wajen ficewar ministocin jam'iyyar kwaminis daga gwamnati. A 1955 ma'aikatan Renault suka samu mako na uku na hutu, a 1962 suka samu na huɗu, sauran ƙasar ta biyo baya. A ranar 27 ga Mayu 1968, ana tsaka da wani yajin aiki, shugabannin ƙwadago suka kawo wa taron ma'aikatan Billancourt yarjejeniyar da aka cimma da gwamnati, ma'aikatan suka ce ba ta ishe su ba, yajin ya ci gaba har tsakiyar Yuni.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Da fari mutanen karkarar Faransa ne, sai 'yan Rasha da suka gudo bayan juyin 1917. Bayan yaƙi na biyu, da ƙasar ke bunƙasa tana neman hannaye, sai 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, da 'yan Fotugal da Sifaniya, da 'yan Mali da Senegal. Su aka fi turawa layin haɗa mota da ɗakin fenti da wurin narka ƙarfe, inda zafi da ƙara da hayaƙi suka fi yawa, albashi kuma ya fi ƙanƙanta. Mutum kan yi shekara ashirin a matsayi ɗaya ba ƙarin girma. Da yawansu sun rayu a gidajen kwanan gwauraye, suna aika abin da suka samu gida. Hannayensu ne suka fitar da ƙaramar mota 4CV, wadda ta zama motar farko ga iyalai da yawa a Faransa, da Renault 4 da ta biyo daga 1961, wadda ta yi suna har a ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A tsakiyar shekarun 1970 Musulmin cikinsu suka nemi wurin salla a cikin masana'antar, aka ba su. Wannan na cikin wuraren salla na farko da aka buɗe a manyan masana'antun ƙasar.

Ranar da injuna suka yi shiru

Abin da ya sa tsibirin ya zama abin alfahari a 1929 shi ya zame masa cikas daga baya. Ba shi da wurin faɗaɗawa, kuma sababbin hanyoyin ƙera mota na buƙatar shimfiɗaɗɗen fili, ba bene a kan bene ba. Kamfanin ya riga ya gina masana'antu a Flins da Cléon da Sandouville, duk a kwarin kogin Seine ta ƙasa. Ga gogayya da motocin waje, ga injuna masu sarrafa kansu suna maye gurbin mutane, ga kuma filin da darajarsa ta hau saboda kusancinsa da Paris. A Nuwamban 1989 aka sanar da rufewa, a ƙarshen Maris 1992 mota ta ƙarshe ta fito. Wasu ma'aikatan an mayar da su wasu masana'antu, wasu an yi musu ritaya kafin lokaci, wasu kuma, musamman dattawan baƙi da ba su yi karatun boko ba, ba su sake samun aiki ba.

Ginin ya yi fiye da shekara goma a kulle ana jayayya a kansa. Masana gine-gine da tsofaffin ma'aikata sun roƙi a bar wani sashe ya zama shaida, amma a 2004 da 2005 aka rushe shi. Attajiri François Pinault ya yi niyyar gina gidan adana zane-zane a tsibirin, ya gaji da jan ƙafa ya tafi da shirinsa Venice a 2005. A 2017 aka buɗe katafaren zauren kiɗa na La Seine Musicale, wanda Shigeru Ban da Jean de Gastines suka zana. A filin masana'antar na bakin gaɓa kuma sabuwar unguwa ta tashi, da makarantu da lambuna da ofisoshi. Abin da ya rage na zamanin Renault kaɗan ne: tsohuwar gadar ƙarfe da ma'aikata ke hayewa, da wasu 'yan gine-gine, da rumfar da Louis Renault ya fara aiki a ciki.

Ba laifi ba ne gari ya sabunta kansa. Iskar Billancourt ta fi da tsabta, bakin kogin da aka killace shekaru ya koma hannun jama'a. Sai dai a yau ma'aikaci mai albashi irin na waɗanda suka yi aiki a tsibirin da ƙyar zai iya kama hayar ɗaki a unguwar da aka gina a kan masana'antarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sunan Renault na kan tituna da motoci a duniya, sunayen matan da suka yi wanki da baƙin da suka ƙare ƙuruciyarsu a ɗakin fenti kuwa sai an tona.

Tsofaffin ma'aikatan da suka rage sun kafa ƙungiyoyi suna tattara hotuna da labaransu, suna kai wa 'yan makaranta. Shekarunsu sun ja, kuma kullum raguwa suke yi. Hutun shekara da kowane ma'aikacin Faransa ke mora yau, da yawa daga cikinsa a wannan lanƙwasar kogi aka yi gwagwarmayar samunsa. Haƙƙi ne a kan hukumomin garin da kamfanin su ware wa waɗannan mutane wuri na dindindin a tsibirin, mai ɗauke da tarihinsu da ƙasashen da suka fito, tun masu ba da labarin suna raye.