Daidaita Sunaye Tsakanin Waya da Kwamfuta, da Matsayin Baƙaƙen Hausa a Ciki

A ƙasar Bagudo, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, ɗan kasuwa yakan tara sunayen abokan cinikinsa a wayar hannu, wasu lambobinsu sun fara da +234 na Nijeriya, wasu da +229 na Benin. Ranar 30 ga Nuwamba, 2024, Benin ta ƙara 01 a gaban lambobinta, suka zama alƙaluma goma. Wanda ya gyara nasa a kwamfuta yana so ya tarar da gyaran a waya ba tare da ya sake aikin ba. Wannan shi a ke kira daidaitawa.

Abin da ya sa ta yiwu shi ne buɗaɗɗun ƙa'idoji, wato dokokin da aka wallafa a fili, kowane kamfani na iya bin su, kamar yadda 'yan kasuwa su ke yarda da mudu ɗaya. Uku daga cikinsu su ne suka shafe mu.

Ta farko ita ce vCard, wadda ta tsara yadda za a rubuta katin mutum: suna a layinsa, lamba a nata layin. Ta biyu CardDAV ce, ta 2011, wadda ta tsara musayar katunan. Akan ajiye su a wata babbar kwamfuta ta intanet, kowane kati da shaidarsa, da kuma alamar da ke sakewa duk sa'ad da aka taɓa shi. Waya sai ta gwada alamominta da na can, ta ɗauko waɗanda suka bambanta kaɗai. Ta uku ita ce Unicode, wadda aka fara fitarwa a 1991, ta ba kowane harafi lambarsa. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuwa 01B4. Tsarin vCard na huɗu, shi ma na 2011, ya wajabta amfani da Unicode, saboda haka sunan Ɗanladi yakan isa waya da lanƙwasarsa.

Amma fa a lura, ƙa'idojin nan dako kawai su ke yi, ba su san Hausa ba. A wurinsu Danladi da Ɗanladi suna biyu ne, kamar yadda baki da baƙi su ke kalmomi biyu a wurinmu. Haka kuma mu a Nijeriya muna rubuta 'y, mutanen Nijar suna rubuta ƴ. Wanda ya ajiye ƴar Gaya a kwamfuta, ya zo ya nemi 'yar Gaya a waya, yana iya rasa ta, ko da ya ke katin yana nan bai ɓata ba. In ya sake buɗe mata wani, sai na'urori su yi ta kai kati biyu suna komowa da su, domin kowane da shaidarsa dabam.

To, ashe ragowar aikin namu ne. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibai sa allon baƙaƙen Hausa a wayoyinsu, su kuma lizimci hanya ɗaya ta rubuta suna a kowace na'ura. Masana kuwa na ƙasashen biyu, lokaci ya yi da za su zauna kan maganar 'y da ƴ.