Macen da ta ja gaba a zane, aka bar ta a baya wajen zaɓe

A gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani zane da Eugène Delacroix ya yi a 1830, mai suna "'Yanci na Jagorantar Jama'a". Faɗinsa ya haura mita uku. A tsakiyarsa wata mace ce ba takalmi, tana ratsa gawawwaki cikin hayaƙi, tutar Faransa a hannun dama, bindiga a hagu. A kewaye da ita maza ne: mai doguwar hula irin ta masu hali, lebura riƙe da takobi, da yaro mai ƙananan bindigogi biyu.

Zanen ya samo asali ne daga boren kwana uku na watan Yulin 1830, wanda ya tumɓuke Sarki Charles na 10. Kowane namiji a ciki ana gane matsayinsa daga tufafinsa. Ita kuwa macen ba ta wakiltar wata mace ko wani rukunin mata. Siffa ce kawai da aka ara wa 'yanci, kamar yadda jar hular da ke kanta ta nuna.

A nan gizo ke saƙar. Lokacin da aka yi zanen, dokar Napoleon ta 1804 ta wajabta wa matar aure yi wa mijinta biyayya. Tun kafin nan, a 1793, an haramta ƙungiyoyin siyasa na mata, aka kuma fille kan Olympe de Gouges, wadda ta rubuta shelar haƙƙin mata a 1791. Sai a 1944 matan Faransa suka sami 'yancin zaɓe, shekara 114 bayan zanen. Wato maza sun yarda mace ta ja su a bango saboda ba su ɗauke ta abokiyar takarar mulki ba.

Mai kallo a Najeriya ya san irin wannan siffa: mace mai ma'auni da takobi, idanunta a ɗaure, wadda ke alamta adalci a kotuna. Amma sai a 2012 Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ƙoli. Saboda haka idan aka ga mace a zane tana riƙe da tuta ko ma'auni, ya kamata a bincika wane ne ke riƙe da mulki a zamanin da aka zana ta.