Ko ka sani? Bindigar toka ba ta nuna abin da ke cikinta

Ko ka san cewa ana koyon harbi ba tare da an ƙona albarushi ba? A ƙasar Zuru, inda aikin soja ya zama gado, wannan ba sabon zance ba ne. Nan ce mahaifar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Tambayi tsohon soja a Dabai ta ƙasar Zuru yadda aka horar da shi a Zariya, zai gaya maka kurtu yakan daɗe yana saɓa bindiga, yana saiti, yana jan kunama, kafin a miƙa masa harsashi.

Dalilin kuwa shi ne hannu yana tsoron ƙara. Mai koyo yana jiran fashewar, sai ya fizgi kunama, bakin bindiga ya sunkuya, harbi ya baude. In babu harsashi, malami yana ganin wannan motsi ƙarara. Masu gasar harbi har tsabar kuɗi suke ɗorawa a kan bututun, su ja kunama ba tare da ta faɗi ba.

Sai dai duk wannan ya rataya a kan kalmar "babu komai a ciki", kuma a nan bindigar toka ta mafarautanmu take da wuyar sha'ani. Ta zamani ana buɗe ta a leƙa. Ta toka kuwa ta baki ake ɗura ta, gindinta a toshe yake, ido ba ya kaiwa. Albarushin da bai sha danshi ba yana iya shekaru a ciki yana jiran tartsatsi, ko da mai ɗurin ya manta, ko ma ya rasu an gaji bindigar. Abin da masana ke yi shi ne su sa wa sandar ɗuri alama daidai bakin bututu a ranar da suka tabbata ba komai. Daga nan duk sa'ad da aka zura ta alamar ta tsaya a sama, to akwai kaya a ciki. Girgizawa ko busawa a baki ba gwaji ba ne, ganganci ne.

Turawa ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust a Amurka, bindigar da aka ce wa ɗan wasa Alec Baldwin ba ta da harsashi ta kashe mai ɗaukar hoto, Halyna Hutchins.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar toka. Wanda ya mallake ta bisa ƙa'ida, in zai gwada hannu a gida, ya fitar da albarushi da harsashi daga ɗakin, ya kori yara, kuma kada ya nuna bakinta ga mutum ko dangar kara da maƙwabci ke bayanta.