Yi Wa Motarka Fenti A Gida Ba Tare Da Cin Bashi Ba

Da yawa cikinmu muna da tsohuwar mota wadda ita ce ƙafar iyali. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kwaso amfanin gona, ita ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Wasunmu ma har yau Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Inji yana nan da ƙarfinsa, amma rana ta cinye fenti, tsatsa kuma ta soma leƙowa ta gindin ƙofofi. In aka je wurin masu feshi, kuɗin da za su faɗa sai ya taɓa na makarantar yara.

Kada mu ɗauka fenti ado ne kawai. Shi ne ke raba ƙarfe da ruwa da iska. Tsatsar da aka ƙyale bana, baɗi rami ce, daga nan kuwa sai mai walda. To, mutum yana iya yin aikin nan a gida, in dai yana da haƙuri, gama yawancinsa shiri ne, shafa fentin ne ƙarami.

Da farko a zaɓi lokaci. Damina ba ta barin fenti ya bushe da kyau, hunturu kuma ƙura ce. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo ya fi, da sassafe, a inuwa. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

A wanke motar da sabulu sosai, domin fenti ba ya kama maiƙo. A kankare tsatsa da sanfefa mai lamba 80 har farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya lotsa a cike da fila kaɗan kaɗan, a goge da lamba 180. Sauran jikin a bi shi da lamba 320 ko 400 har ƙyallin tsohon fenti ya mutu. A rufe gilasai da fitilu da tsohuwar jarida. Duk inda ƙarfe ya fito fili a shafa masa fentin share fage mai hana tsatsa a ranar, kada ya kwana tsirara.

Wanda ba shi da injin feshi, akwai hanyar da masu ƙaramin ƙarfi a Amurka suka daɗe suna bi: fentin mai na ƙarfe, a tsinka shi da tinar da aka rubuta a jikin gwangwaninsa, a shafa da ƙaramar rola ta soso. A fara gwadawa a wani lungu, a ga ko zai yi jituwa da tsohon fenti. Shafi ya zama siriri, sau 5 ko 6, kowanne ya kwana ya bushe. Bayan kowane shafi biyu a goge da lamba 600 ko 800 tare da ruwa. Mai gaggawa da ya lafta shi da kauri zai ga yana zuba kamar hawaye. A jira makonni kafin a goge shi don ƙyalli.

Sai gargaɗi. Tina tana kama wuta nan take, don haka a nisanci murhu, fitila da janareta, a kuma kori yara daga wurin. Fentin nan da ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa, wanda ake kira 2K, a bar wa ƙwararru: feshinsa yana jawo asma, kuma tsumman toshe hanci ba ya tare shi. Launin mota yana rubuce a takardunta, saboda haka in an sāke launi sai a gyara takardu. Koren sojoji kuwa doka ta hana farar hula shafa shi.

An ce araha ba ta ado, kuma ba mu ce motarka za ta koma kamar sabuwa ba. Amma ƙarfenta zai sami sutura, kuɗin makaranta kuma yana nan a aljihu.