Idan gobara ta tashi, ta ina yara za su fita?

Da zarar hunturu ya kama a Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, komai ya bushe, gobara ba ta da wuyar tashi. Sanadinta ba ɓoyayye ba ne: kaskon garwashi a ɗaki don jin ɗumi, hitar ruwa da aka manta a bokiti lokacin da aka ɗauke wuta, jarkar man janareta a bayan ƙofa, tukunyar gas mai yoyo.

Abin da ba mu cika tunawa da shi ba shi ne hanyar fita. Duba gidajen haya na Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ko tsofaffin gidajen Sabon Gari: ɗakuna a jere, ƙofar waje ɗaya tak. Kowace taga an dasa mata ƙarafa saboda ɓarayi. Da dare maigida ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun rigar da ya rataye. Idan wuta ta kama cikin tsakar dare, ga duhu ga hayaƙi, wa zai lalubo wannan aljihu? Kuma hayaƙin ne ya fi kisa, domin yakan sumar da mutum tun harshen wuta bai iso shi ba.

Don haka makulli ya samu ƙusarsa kusa da ƙofa, inda hannun yaro zai kai. Taga ɗaya a kai wa mai walda ya mayar da ƙarfenta mai buɗewa daga ciki.

Ƙaramin yaro idan ya firgita, ƙarƙashin gado yake shiga. Sai an koya masa, an kuma gwada da shi: ya rarrafa, tunda hayaƙi sama yake yi, ya fita ba tare da neman takalmi ba, ya tsaya inda aka ajiye magana, kamar ƙofar masallacin unguwa, a ƙirga kowa. Iyaye su raba tun yanzu wanda zai ɗauki jariri da wanda zai tashi manya. Bayan an fita a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112, kada kowa ya koma ɗauko takardu.

Iyaye mata, don Allah, kada a kulle yara a ɗaki a tafi kasuwa ko biki, ko da na minti goma ne. A bar su wurin maƙwabta.