Ɗigon da ke Raba «Fara» da «Ƙara»: Wace Siga Ɗalibin Harshe Zai Adana Hotonsa a Ciki?

A hutun damina na shekarar da ta wuce na je wani ƙauye da ke ƙasar Buza domin tattara kalmomin Adaranci. Wani dattijon malami ya ɗauko mini tsofaffin takardu na waƙar wa'azi da ajami, ya ce gadon mahaifinsa ne, ya yarje mini in ɗauki hotonsu amma ban da fita da su daga zaure. Na ɗauka da wayata, na tura wa kaina ta wata manhajar hira, sannan na goge na asalin don wayar ta cika. Da na dawo jami'a na buɗe su a kwamfuta, sai na tarar baƙaƙe suna nan daram, amma wasulan da aka yi da jan tawada sun narke cikin launin takarda. Laifin nawa ne, kuma shi ya sa na zauna na binciki abin da ake nufi da haruffan nan da ke ƙarshen sunan kowane hoto: JPEG, HEIC, PNG, DNG.

Masu nazarin harshe sun fi kowa buƙatar sanin wannan, domin abincinsu ƙananan alamomi ne. A rubutun Magaribi da malaman ƙasar Hausa suka gada, harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ke nan «fara» da «ƙara» surarsu guda ce, mazaunin ɗigo kawai ya raba su. Wasalin imala, wanda ke ba da sautin e, shi ma ɗigo ne a ƙarƙashin harafi. A boko, lanƙwasa ce ta bambanta «kafa» da «ƙafa». Abzinawan da ke zaune a Keita da Madawa kuwa suna da Tifinag, wanda wasu haruffansa ɗige-ɗige ne zalla. Ga mai bin sawun karin harshe abin ya fi haka nauyi: a bakin Adarawa da Gobirawa akan ji «hwara» inda Bakano zai ce «fara», kamar yadda Bernard Caron ya nuna irin waɗannan siffofi a littafinsa kan Hausar Adar na 1991. Sanin ko marubuci ya bi lafazin garinsu ko ya bi al'adar rubutu hujja ce ta ilimi, kuma hoton da ya dishe yana iya cinye ta.

Hoton waya mai ɗigo miliyan 12, wato 4032 a tsawo da 3024 a faɗi, in aka adana shi yadda yake ba matsi, zai kai megabait 36. Sigogin fayil duka dabaru ne na rage wannan nauyi, kuma sun kasu biyu: masu matsewa ba tare da zubar da komai ba, da masu zubar da abin da suke ganin ido ba zai lura da rashinsa ba.

JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, yana cikin kashi na biyu. Yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, sai ya yar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikin kowane gida. Abin da ya fi shafarmu shi ne yadda yake bi da launi. Idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka JPEG yakan ajiye bayanin haske cikakke, ya rage na launi, sau da yawa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A hoton biki ko na kasuwar albasa ba wanda zai gane. A shafin ajami kuwa, inda jan wasali siriri yake kwance a kan takardar da ta yi ruwan ƙasa saboda tsufa, nan ne ɓarnar ke sauka. Har ila yau, duk lokacin da aka gyara hoton JPEG aka sake adana shi, sai ya sake yin asara, tamkar labarin da ya bi bakuna da yawa. Kwafe fayil daga waya zuwa kwamfuta ba ya rage shi. Sake matse shi ne ke ragewa.

Duk da haka ban ga abin da ya kai JPEG amfani a hannun ɗalibi ba. Babu waya, kwamfuta ko injin buga takarda da ba ya buɗe shi. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix, waɗanda su ne a aljihun mafi yawanmu, da shi suke adana hoto. In an sa kyamara a kan mafi girman inganci, hoto ɗaya yakan kama megabait 3 zuwa 5, kuma a wannan mataki ɗigon fa yana fita sarai.

HEIC sabon shiga ne. Kamfanin Apple ya mayar da shi sigar da iPhone ke amfani da ita tun 2017, kuma wasu wayoyin Samsung suna ba da zaɓinsa. Fa'idarsa ita ce yana ba da inganci kusan ɗaya da JPEG a wajen rabin nauyi. Matsalarsa ita ce karɓuwa. Dabarar matsin da ke cikinsa tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, shi ya sa kwamfuta mai Windows takan buƙaci a saukar mata da ƙarin manhaja kafin ta buɗe shi, tsofaffin wayoyin Android kuma ba su san shi ba sam. Ɗalibin da ya kai hotunan kundinsa shagon buga takardu a Madawa ko Tawa ana gobe ranar miƙa aiki, aka ce masa fayil ya ƙi buɗuwa, ba zai yi farin ciki da megabait ɗin da ya tanada ba. Maganin mai sauƙi ne: a saitin kyamarar iPhone akwai wurin zaɓen siga, sai a zaɓi wadda aka rubuta «Le plus compatible» in wayar da Faransanci take, daga nan za ta riƙa ɗauka da JPEG.

PNG ba ya zubar da komai, amma bai dace da hoton kyamara ba don yana yin nauyi. Wurinsa shi ne hoton fuskar waya da zane-zane. Mai nazarin yadda matasa ke rubuta Hausa a Facebook, ko mai fitar da zanen sauti daga Praat, ya bar su a PNG.

Sai ɗanyen hoto, wanda a wayoyi yakan zo da sigar DNG da kamfanin Adobe ya fitar a 2004. Wannan shi ne abin da idon kyamara ya gani kafin wayar ta yi masa kwalliya. Kwalliyar nan, ta goge tabo da kaifafa gefuna, ita ma haɗari ce ga takarda, domin waya ba ta san bambancin ɗigon tawada da cin gara ba. Ɗanyen hoto yana ba da damar gyara haske da fito da tawadar da ta kwanta daga baya. Kuɗinsa wuri ne: kowane ɗaya yakan kai megabait 25. Littafi mai shafi 200 zai ci kamar megabait 800 a JPEG mai kyau, wajen 400 a HEIC, amma gigabait 5 a DNG. Kuma ba kowace waya ke yinsa ba. Manyan ma'ajiyoyi, irin shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari wanda aka fara a 2004, sigar TIFF suke nema. Daga DNG ana iya fitar da TIFF na gaskiya. Mayar da JPEG zuwa TIFF kuwa ba ya dawo da abin da ya riga ya zube, nauyi kawai yake ƙarawa.

Ra'ayina shi ne a raba aiki gida biyu. Allunan shaguna, rubutun jikin motoci, hoton kayan noma da na saƙa da za a liƙa a ƙamus, duka JPEG mafi inganci ya wadatar. Takardar ajami ko Tifinag da wataƙila ba za a sake samun izinin ganinta ba, in waya na iyawa, a ɗauke ta da DNG da JPEG tare. Irin wannan ne zai yi amfani in wata rana aka kai shi sashen adana rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. Kuma kada sigar fayil ta shagaltar da mutum daga haske. A ɗauka a inuwa da rana, ban da walƙiyar kyamara, wayar tana fuskantar shafi sosai, da ma'auni a gefe.

Saura batun turawa, wanda nan ne akasarinmu muke faɗuwa. WhatsApp yana rage girman hoto ya sake matse shi in aka aika shi a matsayin hoto, yana kuma cire bayanan da ke ɓoye cikinsa, kamar ranar ɗauka da wurin. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage asarar, bai kawar da ita ba. In aka aika shi a matsayin takarda, yana isa yadda yake. Inda layin sadarwa ke da rauni, kamar ƙauyukan da ke cikin kwazazzaban Adar, ya fi kyau a kwafe zuwa katin ajiya ko kwamfuta ta kebul, kofi biyu a wuri biyu, kafin a goge komai. Waɗannan ɓoyayyun bayanai suna taimakon mai bincike ya tuna inda ya samo abu, amma suna iya nuna ƙofar gidan mai takardar. Kafin a saka hoto a kundi ko a intanet, a tambayi malamin ko ya yarda a san inda yake. In bai yarda ba, a cire bayanin wurin daga kofin da za a fitar, a bar shi a na ajiya.